Inshorar mota a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi: Takardar wuce shinge ko haƙƙin wanda aka buge?

Duk wanda ya saba hawa motar haya daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi ko Zurmi ya san abin da direba ke yi idan ya hango shinge. Zai rage gudu, ya miƙa hannu ya jawo wata tsohuwar leda da ke maƙale a saman gilashi, inda takardun mota suke a naɗe tun bara. A ciki akwai lasisin mota, da takardar shaidar lafiyarta, da kuma wata takarda da ba a cika karanta ta ba, daga direban har jami'in da aka miƙa wa. Kwanan watan da ke jikinta kawai ake dubawa a mayar. Wannan ita ce takardar inshora.

Tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2025 takardar nan ta ƙara daraja a kan titi. A ranar ce 'yansanda suka fara aiwatar da umarnin Sufeto Janar Kayode Egbetokun na tare duk abin hawan da ba shi da inshora a faɗin Najeriya. Rundunar ta kafa hujja da sashe na 68 na Dokar Inshora ta 2003, wanda ya haramta hawa titi da mota ba tare da inshora ba, ya kuma tanadi tarar Naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Daga baya a cikin 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003 da wasu tsofaffin dokoki. Wajabcin yana nan daram a cikinta, haka ma hukunci a kan wanda ya saɓa.

Dokar ba baƙuwa ba ce. Tun 1945, Turawa na mulki, aka kafa dokar farko da ta tilasta wa masu motoci yin wannan inshora. Ta daɗe har tarar da ke cikinta ta zama abin dariya: Naira 400. Wato dai kusan shekara tamanin ke nan ana cewa dole ne. Amma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ƙiyasta cewa a ƙarshen 2018 akwai ababen hawa kusan miliyan 12 a ƙasar, yayin da ƙungiyar kamfanonin inshora ta sha kokawa cewa waɗanda ke da inshora ta gaskiya ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Idan haka lissafin yake a ƙasa baki ɗaya, har da Legas da Abuja inda kamfanonin suke, mai karatu zai iya kwatanta yadda abin zai kasance a Moriki ko Dauran.

Wane ne mutum na uku?

Sunan inshorar a Turance yana nufin "mutum na uku", kuma a nan rashin fahimtar ya faro. Mutum na farko shi ne mai mota. Na biyu kamfanin inshora. Na uku kuwa shi ne wanda ba ya cikin cinikin sam: yaron da ke tsallaka titi zuwa makarantar allo, mai rake da aka ture wa baro, ɗan acaɓan da aka yi wa karo ta baya, mai shagon da tirela ta rushe wa rumfa. Kuɗin da mai mota ke biya don wannan mutumin ake biyan su. Idan direba ya yi ɓarna, kamfani ne zai ɗauki nauyin da ya kamata ya hau kansa.

Farashin a ƙayyade yake. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar da sabon jadawali da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023. Motar gida ta tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, kuma abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar da mutum ke ɗaukar kayansa da ita tana biyan 20,000, manyan motocin dakon kaya 100,000, duka biyun da iyakar miliyan 5. Keke Napep 5,000 ne da iyakar miliyan 2, babur kuma 3,000 da iyakar miliyan 1. Wannan iyaka ta dukiya ce kawai. Rauni da rasa rai ba su cikin wannan ƙaidin, abin da aka daidaita a kai ko kotu ta yanke shi ake biya.

Idan aka raba Naira 15,000 a kwanakin shekara, bai wuce Naira 41 a rana ba. Na babur Naira 8 ne da 'yan kwabbai. Tarar 250,000 kuwa ta fi kuɗin inshorar shekara 16, ta kuma haura albashin wata uku na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato 70,000. A takarda dai babu mai hankalin da zai zaɓi tara. To me ya sa mutane ba sa yi, ko kuma suke sayen ta bogi?

Amsar da ake yawan bayarwa a tarukan Abuja ita ce jahilci da rashin wayar da kai. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ban gamsu cewa ita ce babbar matsalar ba. Direban da ke lissafin litar mai, da kuɗin lodi a tasha, da abin da zai bari a kowane shinge, da balas ɗin mai mota, duk a ka, ba lissafi ne ya gagare shi ba. Ya auna ne ya ga abin da yake tsoro daban, abin da takardar ke karewa daban.

Haɗarin da direba ya sani

A tambayi kowane direba a tashar Ƙaura abin da ke hana shi barci game da hanyar Shinkafi, ko wadda ta bi ta Zurmi ta fita Jibiya. Karo da wata mota zai zo ne can ƙasa. Abin da ke gaba shi ne a tare hanya, a kwashe shi da fasinjoji a shiga daji da su, a bar motar a buɗe ko a cinna mata wuta. Yankin Shinkafi ya yi shekaru yana fama da Bello Turji da yaransa, kuma mutanen Zurmi sun sha fitowa suna kuka da yadda hanyoyinsu suka zama tarko. A kan wannan titi dai, idan ka zarce Shinkafi ka shiga Jihar Sakkwato, a watan Disamban 2021 'yan bindiga suka tare wata motar matafiya a yankin Sabon Birni suka banka mata wuta, mutum fiye da 20 suka ƙone.

Inshorar mutum na uku ba ta da abin cewa a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta biyan motar mai ita ko da faɗuwa ta yi da kanta, balle a ƙone ta. Ba ta san kuɗin fansa ba. Ko cikakkiyar inshora, wadda ke biyan motar kanta, NAICOM ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara, kuma al'adar kamfanoni ce su cire yaƙi da ta'addanci da tarzoma daga abin da za su biya, sai fa idan an yi wata yarjejeniya ta daban an ƙara kuɗi. Motar miliyan 6 ke nan za ta ci 300,000 a shekara, sannan ranar da aka ƙone ta a fara gardamar ko abin da ya faru fashi ne ko ta'addanci.

Saboda haka idan direba ya ce takardar ba ta amfane shi da komai ba, ta wani ɓangaren gaskiya ya faɗa. Inda ya kuskure shi ne zaton da yake yi cewa don shi aka yi ta tun farko.

Akwai kuma wani rami da direbobi da yawa suke ciki ba su sani ba. Galibin ƙananan motocin da ke jigila a waɗannan hanyoyi, irin su Golf da Sharon, motocin gida ne aka mayar na haya. Idan aka yi wa mota inshora a matsayin ta gida don a samu sauƙin kuɗi, sannan aka ɗebi fasinja da ita, kamfani na da ƙofar da zai bi ya ce an saɓa sharaɗi. Haka idan takarda ta ce mutum biyar motar ke ɗauka, aka samu biyu a gaba, huɗu a baya, wani kuma a but a kan buhuna. Ranar kasuwar Shinkafi, Alhamis, a tsaya a bakin hanya a ƙirga motocin da suka cika wannan sharaɗi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 lodin ya ƙaru, domin da fasinjan da ya hau bisa ƙa'ida ba za a mayar da kuɗin mai ba. Takardar irin wannan mota za ta wuce shinge lafiya, amma ranar da aka neme ta da gaske ba lallai ta amsa ba.

Takarda mai kyau, babu kowa a bayanta

Ni kaina na taɓa faɗawa. Shekarun baya na ba wani ɗan kamasho kuɗi ya sabunta min takardun wata tsohuwar mota da nake ja. Kafin la'asar ya kawo su cif, har da ta inshora mai tambari da sa hannu, fes da ita. Na yi wata takwas ina nuna ta a shinge, babu wanda ya taɓa ɗaga gira. Sai wata rana wani abokina ya sa lambar motar a rumbun bayanan kamfanonin inshora ta wayarsa. Babu ita. Wata takwas ina yawo da takardar da ba ta fi ta ƙunshe ƙosai ba, kuma da na buge ɗan wani a tsakanin nan, daga aljihuna komai zai fito.

Ban ce mutumin ya yi niyyar cuta ta ba, mai yiwuwa shi ma haka yake karɓowa. Haka kasuwar take tafiya. Mai mota yana son abu mai arha da zai nuna, ɗan kamasho yana son riba, jami'in da ke shinge yana duba kwanan wata. Kowa ya samu abin da yake so. Wanda aka cuta ba ya wurin, domin ba a buge shi ba tukuna.

Maganin da aka kawo shi ne rumbun bayanan nan da ake kira NIID, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora ke kula da shi. Kowa zai iya shiga shafin askniid.org, ko ya danna *565*11# a wayarsa, ya sa lambar mota ya ga ko tana da inshora ta gaskiya. Tsari ne mai kyau, kuma shi ya kamata jami'i ya duba maimakon takarda. Sai dai yana buƙatar sabis. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai. Wasu wuraren sun yi watanni babu waya. A watan Afrilun 2024 ma, a harin da aka kai garin Zurmi har fadar sarki, rahotanni sun ce maharan sun lalata turken sadarwa. A tsakanin garuruwa kuwa, ko a ranar lafiya akwai inda sai an hau tudu kafin kira ya shiga.

A irin wannan wuri, idan jami'i ya ce takardarka ta bogi ce, kai ka ce ta gaskiya ce, babu na ukun da zai raba gardama. Kowa ya san inda irin wannan gardama ke ƙarewa. Shi ya sa da yawa daga cikin masu mota suka ji umarnin Fabrairu a matsayin ƙarin ƙofar karɓar na goro a hanyar da dama ta cika da shingaye, na soja, na 'yansanda, na askarawan jiha da aka ƙaddamar a farkon 2024, ga kuma na jami'an kula da zirga-zirga. Doka ta ce kotu ce ke yanke tara bayan an samu mutum da laifi. Babu inda ta ce a biya ta a bakin titi. Amma direban da ke son ya isa Shinkafi kafin rana ta yi sanyi, saboda ya san abin da yamma ke nufi a wannan hanya, ba zai zaɓi a ja motarsa zuwa caji ofis don ya kare haƙƙinsa ba. Gaggawar da rashin tsaro ta ɗora masa ita ce ke karya masa farashi.

Wa ke biya idan an yi haɗari?

Nan ne, a ganina, asalin maganar take, kuma nan ne aka fi yin shiru.

Mu ɗauka mota ta buge wani magidanci a kan babur a bakin kasuwa, ƙafarsa ta karye. Abin da aka saba shi ne jama'a su taru, a kai shi babban asibitin garin, idan abin ya yi tsanani a wuce da shi Gusau ko Sakkwato, idan kuma babu hali a kai shi wurin mai ɗori. Direba zai zo da shugabannin tasha da wani dattijo. Za a yi jaje, a kawo abin da ya sawwaƙa, wataƙila kuɗin allurar farko da na hoton ƙashi. 'Yan ƙungiyar direbobi kan yi karo-karo su taimaka wa ɗan uwansu. Daga nan sai a ce ƙaddara ce, a roƙi yafiya, a yafe. Idan rai aka rasa ma sau da yawa haka ake rabuwa, dangin mamaci su ce sun bar wa Allah.

Ba na raina wannan tsari. Ya hana rigingimu da yawa zama gaba, kuma yafiya hali ne na ƙwarai. Amma a duba wanda ya ɗauki asarar a ƙarshe. Magidancin nan zai yi wata huɗu ko biyar a kwance, ba noma ba acaɓa. Za a sayar da akuyar matarsa, a taɓa hatsin da aka ajiye, wataƙila a jinginar da gona, a yankin da dama gonaki da yawa ba sa nomuwa saboda tsoro. Idan mutuwa ce, marayu ne za su biya, shekara da shekaru. Sau da yawa yafiyar da ake yi ta rashin zaɓi ce, domin kowa na ganin direban ba shi da abin da zai bayar, matsa masa kuma zai zama abin kunya a gari.

Dokar inshora an yi ta ne daidai don wannan gurbi, don a samu wani mai kuɗi a bayan direban da ba shi da kuɗi. Da takardar da ke cikin ledar nan ta gaskiya ce, da dangin wanda aka buge ba sai sun zaɓi tsakanin tausayin direba da cikin 'ya'yansu ba. Za su iya yafe wa direba a zuci, su kuma karɓi haƙƙinsu daga kamfani. Amma a zaman sulhu nawa aka taɓa jin wani ya ce a kawo takardar inshora a gani? Ni dai a duk wanda na halarta ban ji ba.

Wasu za su ce addini ne ya hana. Batun yana da tushe, musamman a jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita ba ta halatta ba saboda jahiltar abin da ake saye da ke cikinta, amma ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. A wannan tsarin kuɗin da mahalarta suka zuba gudummawa ce a asusu ɗaya, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, rarar da ta rage kuma ana iya raba musu. Sudan ce ta fara kafa irin wannan kamfani a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma yanzu akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful, waɗanda takardarsu ta mota karɓaɓɓiya ce a wurin hukuma kamar ta kowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ba a cika haɗa wannan magana da abin da ɗaliban fiƙihu suka sani tun a zaure ba. A mazhabar Malikiyya, wanda ya kashe rai bisa kuskure diyya ba a kansa shi kaɗai take ba. Danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su biya, a rarrabe cikin shekara uku. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinare 1,000, kimanin kilo huɗu da kwata na zinariya, abin da a farashin yau ya kai ɗaruruwan miliyoyin Naira. Babu direban Golf da zai iya wannan, babu kuma danginsa da za su iya. Hikimar dai a bayyane take: jinin wanda aka kashe bisa kuskure bai kamata ya tafi a banza don wanda ya yi kuskuren talaka ne ba, sai a raba nauyin a kan jama'a. Kamfanin inshora ba zai biya diyya yadda littafi ya ƙayyade ba, amma tunanin raba nauyin ɗaya ne. Da malamanmu za su ɗauki wannan babi a wa'azin tasha, da ya fi tallan rediyo goma tasiri.

Su ma kamfanonin suna da nasu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Yawancinsu hedikwatarsu na Legas, rassansu na manyan birane. A iya yawona a garuruwan nan uku ban taɓa cin karo da allon wani kamfanin inshora da mutum zai shiga ya kai kuka ba. Wanda zai nemi haƙƙi sai ya haɗa rahoton 'yansanda, da takardun asibiti, da hotuna, da ƙiyasin bakanike, ya aika, ya jira, da Turanci. Matar da aka kashe wa miji a Zurmi, tana takaba, wa zai yi mata wannan zirga-zirga? Kamfani kuwa kuɗin da aka zuba ba a zo nema ba riba ce. Muddin masu mota na biya don tsoron shinge, waɗanda aka buge kuma ba su san suna bin bashi ba, to ƙara matsa lamba a titi zai ƙara wa kamfanoni kuɗin shiga ne ba tare da ko sisi ya dawo Ƙaura ba. Gani ya kori ji: ranar da aka ga an kawo wa wani gida a Shinkafi kuɗin maganin ɗansu daga kamfani, labarin zai riga kowace sanarwa zagaya tasha.

Ina gwamnatin jiha a ciki?

A Amurka kowace jiha ce ke tsara nata dokar inshorar mota da hukuncinta. A Najeriya ba haka ba ne, tsarin mulkin 1999 ya sa inshora cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Majalisar dokokin Zamfara ba za ta iya rage farashi ko ta sauya tara ba. Amma jiha ce ke yi wa mota rajista, ita ke sabunta lasisi, kuma tana da jami'an duba lafiyar motoci da hukumar ZAROTA a kan titi. Ƙofar da takardar bogi ke shigowa, wato lokacin sabunta takardu, a hannun jiha take. Idan gwamnatin Dauda Lawal ta sa ya zama ba a buga lasisi sai kwamfuta ta ga lambar motar a rumbun NIID, an rufe rabin kasuwar bogi daga ofis, inda akwai wuta da intanet, ba sai an bar wa kurtu a tsakiyar daji ba. Za ta kuma iya shiga tsakani kamfanonin takaful su ajiye wakili a manyan tashoshi tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda dama ita ke karɓar kuɗi kullum, ita kuma ake kira idan an yi haɗari. Naira 41 a rana cikin kuɗin lodi ya fi sauƙin fita a kan 15,000 a dunƙule.

Sauran ƙasashe sun daɗe da gane cewa duk tsananin doka sai an samu wanda zai tuƙa babu inshora, don haka suka yi wa wanda aka buge tanadi na daban. A Birtaniya, inda tuƙi babu inshora ke jawo tarar fam 300 nan take da maki shida a lasisi, har a ƙwace mota, akwai wata hukuma tun 1946 da kamfanoni ke zuba wa kuɗi don biyan wanda mara inshora ya buge, ko wanda aka buge aka gudu. Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar, ta ɗora kuɗin a kan kowace litar mai, duk wanda ya sha mai ya biya, ko da yake asusun nata ya daɗe cikin bashi. Mu ma dokar 2003 ta tanadi asusu a ƙarƙashin NAICOM da zai taimaka wa irin waɗannan mutane, sabuwar dokar 2025 ma ta zo da asusun biyan waɗanda haɗarin mota ya shafa. A yankin da babura marasa ko lamba suka fi motoci yawa, wannan asusu ya fi kowane shinge muhimmanci, kuma shi ne aka fi ƙarancin jin labarinsa.

Wani ɗan abin lura ga masu ƙetarawa Nijar ta Jibiya zuwa Maraɗi: kuɗin da NAICOM ta ƙayyade a 2023 ya haɗa da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka ƙirƙiro a 1982 don mota ta shiga ƙasashen ƙungiyar da inshorarta ta gida. Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, kwana uku kafin 'yansanda su fara kamen nan. Direban da ke wannan hanya ya cancanci hukuma ta yi masa bayani da Hausa a kan matsayin katin da yake biya.

Tun da aka fara aiwatar da umarnin, abin da aka fi gani a labarai shi ne jami'ai a kan titi da motocin da aka tare. Alƙaluman da za su nuna ko dokar na aiki a arewacin Zamfara wasu ne daban, kuma suna hannun NAICOM da kamfanoni: nawa aka karɓa daga motoci masu lambar jihar, mutum nawa suka nemi haƙƙi, nawa aka biya, cikin kwana nawa. Kowane kamfani na da wannan lissafi a kwamfutarsa, domin da shi yake rufe littafin shekara. 'Yan majalisar da ke wakiltar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi a Abuja suna da hurumin su nemi a kawo shi gaban kwamiti, jiha bayan jiha.

Kafin nan, akwai abin da ba ya jiran kowa. Mai mota ya danna lambar nan ya duba tasa tun yana cikin gari inda akwai sabis, idan babu ita ya koma wa wanda ya yi masa takardar. Wanda kuma aka buge masa ɗan uwa, kafin a zauna sulhu, ya ɗauki hoton lambar motar da na takardar inshorarta, ya tabbatar an rubuta rahoto a wurin 'yansanda, ya adana duk wani rasit na asibiti, har na ɗan kyamis.